Yadda na sassaƙa wa 'yata dangarafan matan Benis

Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a wata masana'antar takalman mata a yankin kogin Brenta, tsakanin Padova da Benis a arewacin Italiya. Duk wanda ya san yankin ya san takalmi ne abincin mutanensa. Daga Stra zuwa Fiesso d'Artico har Dolo, da wuya ka bi layi ba ka ji ƙamshin fata da gam ba. Shi ya sa ranar da 'yata ta dawo daga makaranta a watan Janairu ta ce, "Baba, ƙungiyarmu tana neman wanda zai yi mini takalmin jerin gwanon Satumba, na ce musu kai za ka yi," ban ko ɗaga kai daga kwano ba na ce, "An gama, Uwata." Sunan mahaifiyata gare ta, don haka nake kiranta haka. A zatona aikin mako biyu ne. Sai da ya ci wata bakwai, ya cinye katako kashi uku, kuma rabin wahalar da na sha ta zo ne daga yin abin da ya kamata ya zo a ƙarshe tun da farko. Na rubuta wannan ne don wanda irin aikin zai faɗo wa, ko a nan Turai ko a gida wurin masu shirya wasan dandamali, ya bi abin daki-daki ba tare da ya maimaita asarata ba.

A garuruwan Italiya da yawa akwai ƙungiyoyin sa-kai da ke ɗinka irin tufafin kakanninsu, su fita jerin gwano ranar bikin gari, da ganguna da tutoci, kowa ya yi shigar wani mutum na wani zamani. Ƙungiyar da yarinyar ta shiga tana kwaikwayon zamanin Jamhuriyar Benis ne, ƙarshen ƙarni na 16, kuma an ba ta matsayin 'yar gidan attajiri. Matan irin wannan gida a lokacin suna sa wani takalmi da mutanen Benis ke kira calcagnini, wasu su ce pianelle: gungumen katako ne mai tsawo, an lulluɓe shi da fata ko karammiski, sama akwai fuska kamar ta silifa, babu komai a dunduniya. Da na ga hoton a wayarta sai na ce a raina, ai waɗannan dangarafai ne aka yi musu kwalliya.

Zaman farko da ƙungiyar na yi shi ne a wani ɗaki bayan cocin garinmu, ranar Alhamis da daddare. Na tafi da tef ɗin awo da littafi ina shirin ɗaukar aiki, sai aka fara miƙo mini takardu. Da yake yarinyar shekararta 16, sai da na sa hannu a takardar izinin iyaye, da wata ta yarda a ɗauki hotonta, na ba da kwafin katin shaidarta, sannan na biya Yuro 25 kuɗin katin ƙungiya wanda inshorar haɗari ke cikinsa. Wannan inshorar kada kowa ya raina ta, don mai tafiya a kan katako a titin dutse faɗuwa ba ta yi masa nisa ba. Bayan nan aka haɗa ni da matar da ke kula da sutura, dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta. Tambayarta ta farko ta ɗaure mini kai. Ba ta tambaye ni girman ƙafa ba, cewa ta yi wane takalmi na ainihi zan kwaikwaya, na wace shekara, yana wane gidan tarihi. Dokarsu ita ce ba a kawo abin da mutum ya ƙago da kansa. Sai ka kawo hoton wani na da wanda ya rage, ko zanen da aka yi a zamanin, ka haɗa da naka zanen mai awo, su duba su yarda, kafin ka taɓa katako. Na fito daren nan ba tare da na auna komai ba.

Mako biyun da suka biyo baya karatu na yi, kuma a nan na ci karo da abin da ya tayar mini da hankali. Shafuka da yawa a intanet suna cewa wannan takalmin na karuwan Benis ne. A matsayina na uba ba zan ɓoye ba, na kusa cewa a fasa. Mahaifiyarta ma da ta ji sai ta ce, "Malam, ka bincika da kyau tukuna." Da na zurfafa sai na tarar zancen rabin gaskiya ne. Matan banza sun sa, amma matan manyan gidaje da amare su ne asalin masu shi, kuma 'yan matan gidajen sarauta a Benis ba sa fita sai da mayafi da ya rufe su. Wani Baturen Ingila mai suna Thomas Coryat da ya ziyarci birnin a 1608 ya rubuta cewa wasu takalman sun kai rabin yadi, kuma sai an riƙe mace a hannu kafin ta iya tafiya. Tun a 1430 hukumar birnin ta yi dokar rage tsawonsu, ba a bi ba. Abin da ya fi amfanar da ni a karatun shi ne fahimtar dalilin tsawon. Na ɗauka don gudun ruwa da taɓo ne kawai. Ashe a Benis babban aikinsa shi ne ya ɗaga mace don doguwar rigarta ta ci yadi da yawa, ta nuna arzikin gidansu, shi kuwa takalmin ya ɓuya a ƙarƙashi. A Sipaniya ne ake barinsa a waje a gani, su kuma nasu da ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba suke yi, ba da katako ba. Na karanta wannan, na gane shi, amma ban yi aiki da shi ba sai da na sha wuya, kamar yadda za ku ji.

A farkon Fabrairu muka hau bas ni da yarinyar zuwa Piazzale Roma, tashar motocin Benis, muka taka har dandalin San Marco, muka shiga gidan tarihi na Correr. Gani ya kori ji. Akwai calcagnini a can da tsawonsu ya kai wajen santimita 50, wato har gwiwar mutum. Na tsaya a gaban gilashin na fi minti ashirin. A gidan ne kuma zanen wani mai zane da ake kira Carpaccio yake, na mata biyu zaune a baranda, wanda aka yi wajen ƙarshen ƙarni na 15, kuma a gefe ga takalman an tuɓe an ajiye a ƙasa. Ziyarar ta nuna mini siffa: faɗi a sama inda ƙafa ke zama, tsuke a tsakiya kamar turmi, sannan ya sake buɗewa a gindi. Amma ta bayan gilashi ba ka ganin ƙasan takalmi, ba ka jin nauyinsa, ba ka ganin inda ɗinki ya bi. Ga mai sana'a, waɗannan ukun su ne aikin.

Dattijuwar ce ta nuna mini hanya. Ta ce akwai wani ƙaramin gidan tarihi a lardin da ke da ƙafa ɗaya a ɗakin ajiya, kuma ana barin mai bincike ya gani idan ya nema a rubuce. Na aika wasiƙa ta imel, na haɗa da takardar gabatarwa daga ƙungiyar, na faɗi abin da nake son gani da dalili. Mako biyar ban ji komai ba. Kullum in na tashi aiki sai na duba waya. Ranar da amsa ta zo, an ba ni awa ɗaya, ranar Talata da safe, sai da na nemi hutun rabin yini a wurin aiki. An sa ni cike fom cewa hotunan da zan ɗauka ba na sayarwa ba ne, aka karɓi birona aka ba ni fensir, aka ba ni safar hannu. Ma'aikaciyar ce ke juya takalmin, ni nawa ido da tef, shi ma ba a yarda ya taɓa fatar ba. Wanda zai je irin wannan wuri ya rubuta tambayoyinsa tun daga gida, don awa ɗaya kamar ƙiftawar ido ce.

Abin da na gani a awar nan ya fi duk karatun da na yi. Takalmin bai fi tsawon tafin hannu da 'yan yatsu ba, farar fata ce da ta koma ruwan ƙasa, an huda mata ƙananan ramuka a jere don ado. Wurin da ƙafa ke zama ba shimfiɗaɗɗe ba ne, dunduniya ta fi yatsu tudu, kuma akwai ɗan kwari inda dunduniyar mai shi ta zauna, har fatar wurin ta yi sheƙi don gogayya. Mace ce ta taka wannan shekaru ɗari huɗu da suka wuce, ga sawunta a gabana. Ba shi da hagu ko dama, kowace ƙafa za ta shiga. A wani gefe da fatar ta yage na hango katakon, fari, mara nauyi. Sai kuma ɗinkin: fuska da shimfiɗar ciki da fatar da ta rufe jikin katakon duk an haɗa su da ɗinki ɗaya a kewayen sama, sannan aka ja fatar ƙasa, aka naɗe ta a gindi, aka rufe da wata fatar mai kauri. Wato kamar riga aka ɗinka aka sa wa katakon. Da ban ga wannan ba, da manna fatar zan yi gunduwa-gunduwa irin yadda muke yi wa dogon dunduniya a masana'anta.

Na kai zanena a tsakiyar Maris. Na so santimita 25, yarinyar ma haka take so. Suka ce a'a, iyakarsu 15 ga wadda ba ta taɓa sawa ba, saboda hanyar jerin gwanon ta fi kilomita ɗaya kuma akwai gada. Raina bai so ba a lokacin. Yau ina gode musu.

Daga nan na shiga kuskuren farko. Wani abokin aiki ya ba ni guntayen katakon faggio kyauta, irin mai tauri da ake kujeru da shi. Na ce ƙarfi ake nema, ga shi kuma ba ko sisi. Na kwashe Asabar uku ina fama da shi a gareji, zarto yana hayaƙi, hannuna duk kanta. Da na gama ƙafa ɗaya na ɗora a sikelin kicin, kilo ɗaya da kusan rabi. Yarinyar ta ɗaura shi da tsumma ta ɗaga ƙafa sau biyar ta ce, "Baba, kamar an ɗaura mini bulo." Takalmin da ba shi da maɗauri a dunduniya, yatsu da bayan ƙafa ne ke ɗaukarsa, kowane giram sai an ji shi. Na ajiye shi gefe. Kuskure na biyu gaggawa ce ta jawo shi. Na gane pioppo ya kamata in nema, itacen nan dogo da ake shukawa layi-layi a filayen kogin Po, wanda nauyinsa bai fi kashi uku cikin biyar na faggio ba. Na sami wani wurin yankan katako, na sayi gungume guda Yuro 30, ban tambayi yaushe aka sare shi ba. Yana yankuwa kamar rogo, na ji daɗi, cikin kwana huɗu na fitar da ƙafa biyu masu kyau. Na ajiye su kusa da na'urar ɗumama ɗaki don su bushe. Kwana shida bayan nan na tarar ɗaya ya tsage daga sama har ƙugu, tsagar da ɗan yatsa zai shiga, ɗayan kuma ya murɗe, in ka ajiye shi a tebur sai ya riƙa rawa. Na zauna a garejin nan shiru na daɗe. Afrilu ta kusa ƙarewa, ba ni da komai a hannu.

Daren nan na kira kawuna a gida, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi sassaƙar turmi da akushi da kujerar mata har ƙarfinsa ya ƙare. Na kwatanta masa abin. Ya yi dariya irin ta manya ya ce, "Ɗan nan, dangarafai kake sassaƙawa a ƙasar Turawa?" Na ce, "Su ne, Kawu, sai dai an yi musu riga." Ya ce a zamaninsu da damina, kafin takalmin roba ya cika kasuwa, su ake takawa a ratsa taɓon tsakar gida, kuma ya sha yi wa yayarsa, wato mahaifiyata. Ban taɓa sanin haka ba sai daren. Sannan ya ce, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda za a taka sai ya sha inuwa. Ka kai shi ga wuta, dole ya buɗe baki." Ya ce in duba ko zuciyar itacen tana cikin guntun da ya tsage. Na duba, tana nan tsakiya. Ya ce daga nan tsaga ke tashi, kullum a kauce mata. Ya ƙara da abu ɗaya da ya zame mini ma'auni har ƙarshen aikin: kada gindi ya fi sawun mai shi ƙanƙanta.

Gungumen pioppo busasshe mai kaurin santimita 15 ba ya samuwa da sauƙi, don katako mai kauri haka shekaru yake ɗauka kafin ya bushe har ciki. Wani tsohon kafinta a unguwarmu ya warware mini. Ya ce in sayi busasshen falanki mai kaurin santimita 5, in yanka uku-uku in manna su. Ya soka wa falankin wata 'yar na'ura mai allura biyu da ke auna damshi, ta nuna kashi 11 cikin ɗari, ya ce ya yi. Na biya Yuro 38. Muka shafa gam ɗin kafinta, muka juya tsakiyar ta yadda jijiyar katakon ba za ta bi hanya ɗaya da na sama da na ƙasa ba, muka matse da maɗamfari shida, muka bar su kwana biyu. Na san wannan ya saɓa wa yadda na ga na ainihin, don haka na je na faɗa wa mai kula da sutura kafin in ci gaba. Ta ce abin da fata za ta rufe ba matsala, muddin siffar ta fito daidai. Gara ka faɗa da bakinka tun da wuri da a gano ranar duba kaya.

Sassaƙar kanta ga yadda na bi. Na sa yarinyar ta tsaya a kan kwali da safar da za ta sa ranar, na zana sawunta tana tsaye, don ƙafa tana baje wa in an ɗora mata nauyi. Na ninke zanen biyu na daidaita shi ya zama ba hagu ba dama. Na yi kwali uku: na sama, na gindi, da na gefe. Da zarto na fara fitar da gangaren sama, dunduniya ta fi yatsu tudu da santimita 2. Sannan na zana gindi, na bar shi daidai tsawon sawunta, faɗinsa ma ya ɗan fi na sama. Sai na shiga cire ƙugu da kurfi da magagari, ina yi ina juyawa, ƙafa biyun a gefen juna, in na ci wannan kaɗan sai in ci wancan, don in ka gama ɗaya kafin ka fara ɗayan ba za su taɓa zama tagwaye ba. Kwarin dunduniya da na tudun yatsu na fafe su a hankali, ina sa ta taka da ƙafa mai ɗan damshi don in ga inda ta taɓa da inda ba ta taɓa ba. Daga ƙasa na huda ramuka uku masu faɗi da injin huda, na tsaya santimita 3 kafin sama, don rage nauyi. Wannan dabarata ce, ban gan ta a na da ba. Kowanne ya sauko giram 620. A ƙarshe na ɗan dadashe bakin gindin ta gaba, kamar kaurin ɗan yatsa, don takalmin ya mirgina in ta ɗaga dunduniya, na bi da samfefa har ba inda zai yanki fata.

Kafin in yanka fatar kirki, na buga wa katakon fuskar wucin gadi da tsohuwar fata da ƙananan ƙusoshi, na ce ta yi mako guda tana yawo da su a gida. Wannan makon shi ya fi kowane mataki amfani, kuma bai ci ko Yuro ɗaya ba. A nan muka gane fuskar da na yanka ta yi gajarta, ƙafa tana zamewa baya, sai da na ƙara ta ta hau har tudun ƙafa. A nan kuma muka ji na dama yana cizonta a gefen ɗan ƙaramin yatsa, na rage wurin da magagari cikin minti biyar. Da na riga na rufe da fata, gyaran nan sai an farke komai.

Fata kuwa na je Arzignano ne a lardin Vicenza, garin majema, na sami shagon da ke sayar da ɗaiɗai. Na ɗauki fatar akuya biyu farare masu laushi, kaurinsu bai kai milimita ɗaya ba, da guntun kirgi mai kauri na gindi, duka Yuro 64. Ina shafa fatar ina tuna cewa fatun awaki da tumaki na ƙasarmu, daga Kano da Sakkwato, har yau ana kawo su Italiya, kuma tun zamanin fatake jar fatar Sakkwato take ratsa Sahara, Turawa suna kiranta fatar Maroko. A nan ne kuma na yi ɓarnar lokacin da na ambata. Na kwashe dare goma sha biyu ina huda ado a fatar gefe, rami ɗaya-ɗaya, fure da ganye, alhali na riga na karanta cewa riga za ta rufe shi. Ado a fuska ya isa, don ita kaɗai ke leƙowa in an ɗaga ƙafa.

Ɗinkin na yi shi da hannu, da basilla da zaren lilin mai kakin zuma. Na yi wa fuskar shafi da wata fatar a ciki don kada ta saki, na yanka ta ta ɗan matse, don fata tana buɗewa da sawa. Na haɗa shimfiɗa da fuska da fatar gefe a bai-bai, na ɗinke kewaye, na juya. Sai na jiƙa fatar gefen da soso, na shafa wa katakon kunun garin alkama mai kauri, na zura shi ciki. Wurin ƙugu ne ke da wuya, don fata ba ta son shiga kwari. Na riƙa ja ƙasa ina lallashinta da babban yatsa, sannan na naɗe ƙugun da tsumma mai laushi na bar shi ya kwana. Kada a yi amfani da igiya, za ta bar sawu. Da safe fatar ta kama jikin katakon kamar a nan aka halicce ta. Na naɗe bakin a gindi, na kama da ƙananan ƙusoshi, na rufe da kirgin.

A ƙarshen Yuli muka je gwajin kaya, a nan wata matsalar ta fito wadda ba ta takalmi ba ce. Telar da ke ɗinka wa ƙungiyar ta riga ta yanka rigar tun watan Mayu, ta auna yarinyar tana tsaye da takalmin makaranta. Da ta hau katakon sai rigar ta tsaya a sama, takalmin duk a waje. Laifina ne, don ni ne ban kai ko gungumen gwaji ba ranar awo. Yadin ya ƙare, sai da aka nemo wani mai kama da shi aka yi wa rigar baki mai faɗi a ƙasa, na biya ƙarin Yuro 45. Yarinyar ta yi kuka a mota. Na ce, "Yi haƙuri, Uwata, za ta gyaru," kuma ta gyaru, amma da an bi tsari da ba a kai ga hawaye ba.

Watan Agusta na koyon tafiya ne. Wani malamin rawa na zamanin, Fabritio Caroso, ya rubuta a 1600 yadda mace za ta yi tafiya da irin takalmin ba tare da ta ja shi a ƙasa yana ƙara ba: ta fara ɗaga yatsun ƙafar da za ta taka, hakan zai miƙe gwiwa, jiki ya tsaya, takalmin kuma ba zai zame ba. Mun gwada, haka abin yake. Kullum bayan la'asar sai ta yi minti goma sha biyar, da farko a falo tana dafa bango, sannan a tsakar gida, sannan a titin dutse tana dafe da kafaɗar ƙanenta. A gwajin ƙarshe mai kula da sutura ta juya takalmin ta duba ɗinki ta ce ya yi, amma ta nemi in manna siririyar roba a ƙarƙashin kirgin, don fata a kan jiƙaƙƙen dutse santsi gare ta. Na manna, na rage bakinta ta yadda ba a gani daga gefe.

In na haɗa lissafi, abin ya tasar wa Yuro 240 da kuɗin mota da zare da ƙusoshi, kuma wajen 75 daga ciki kuɗin kuskure ne. Da zan sake, ga yadda zan jera shi: in fara samun yardar ƙungiya a kan tsawo da zamani, in aika wasiƙar neman ganin na ainihi a makon farko tunda jiranta ya fi komai tsawo, in sayi busasshen katako mara nauyi a auna damshinsa a gabana, in kai wa tela katakon ko bai gama ba kafin ta sa almakashi, in bar mai shi ta taka shi tsirara mako guda, sannan in taɓa fata. Ƙarfin aikin a zuba shi a inda tafin ƙafa ke zama da faɗin gindi da yadda fuska ta riƙe ƙafa. Su ne za su kai ta ƙarshen hanya lafiya.

Ranar bikin an yi yayyafi da safe, duwatsun titi suna ƙyalli. Na tsaya a gindin gadar don nan nake tsoro. Ta iso a tsakiyar jerin, mayafi har ƙugu, mata biyu a gefenta, ta fi kowa tsawo, rigar tana share ƙasa. Takalmin da na yi wata bakwai a kansa ban ga ko gefensa ba, sai bakin fuskar da ya leƙo sau biyu lokacin da take hawa matakala. Ta sauka ɗaya gefen ba ta ko yi tuntuɓe ba. Da daddare na ɗauki hoton takalman a kan tebur na aika wa ɗan Kawu ya nuna masa. Washegari saƙon murya ya shigo, muryar tsohon ce, yana tambaya ko akwai sauran katakon, a kawo masa guntu in an tashi zuwa gida, yana so ya ji nauyinsa a hannu.